Sarki Njoya Na Fumban: Mai Haruffan Da Suka Rasa Injin Ɗab'i

Duk matafiyin da ya taso daga Bafusam zai nufi Banyo ko Tibati, tilas ne ya ratsa garin Fumban, kuma in motarsa ta tsaya a bakin babbar kasuwa ba zai rasa ganin wani tsohon bene na bulo mai hawa uku yana fuskantar dandali ba. Wannan ita ce fadar sarakunan Bamun. 'Yan uwanmu direbobi da fataken goro sun sha wucewa ta ƙofarta, waɗanda suka leƙa ciki kuma sun ga wasu irin zane-zane a takardu da alluna, su ba boko ba, su ba ajami ba. To, wannan zane rubutu ne sosai, ana karanta shi kamar yadda kake karanta wannan shafi, kuma mutumin da ya gina benen shi ne ya ƙago shi. Sunansa Ibrahim Njoya, sarki na 17 a jerin sarakunan Bamun, wanda ya rasu a shekarar 1933.

Yaran lakwal a Kamaru sun san sunansa, an koya musu cewa ya ƙirƙiro haruffa. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne yadda ya yi ta sauya waɗannan haruffa shekara da shekaru saboda abin rubutun da ke hannunsa yana sauyawa, daga allo zuwa takarda, daga takarda ya nemi kai su kan inji. A wurin injin ne aikin ya tsaya, kuma wannan ɓangare ne na tarihinsa ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Ƙasar Bamun tana tsakanin kogin Nun da kogin Mbam, a yammacin Kamaru, ƙasa ce ta tuddai mai yalwar masara da goro. Masu tarihin fada suna cewa wani ɗan sarki mai suna Nshare Yen ne ya kafa gidan sarautar. Mahaifin Njoya shi ne Sarki Nsangu, wanda aka kashe a fagen fama a shekarun 1880 lokacin da ya kai wa mutanen Nso yaƙi. Mutanen Nso suka tafi da kansa, abin da ya zama babban tabo ga Bamun, domin a al'adarsu sarautar magaji ba ta cika sai ƙoƙon kan uba yana hannunsa. Njoya yana ƙaramin yaro a lokacin, don haka mahaifiyarsa Njapdunke ce ta riƙe ƙasar har ya tasa.

Bai daɗe da karɓar mulki ba wani babban bafade mai suna Gbetnkom ya yi masa tawaye, aka shiga yaƙin basasa a tsakiyar shekarun 1890, har aka kusa cin Fumban. Da abin ya fi ƙarfinsa sai ya aika wa Lamidon Banyo, Umaru, yana neman gudummawa. Barade suka sauko daga Adamawa a kan dawaki suka tarwatsa 'yan tawayen. Njoya ya biya wannan taimako da dukiya mai yawa, amma abin da ya zauna masa a rai ba dawakin kawai ba ne. Ya ga mayaƙan suna salla kafin su hau, ya ga layu a jikinsu da jikin dawakinsu, ya ga malamai suna rubutu a allo suna wankewa a sha. Ya karɓi Musulunci a wannan lokaci, malamai suka zauna a garin, su kuwa fatake Hausawa dama sun riga sun san hanyar Fumban saboda goro da hauren giwa, kuma a cikin kayansu akwai littattafan Larabci.

Kafin wannan zamani, duk abin da masarautar ta sani a ka yake. Sunayen sarakuna, iyakar gonaki, hukuncin da aka yanke shekaru ashirin da suka wuce, duk suna cikin ƙirjin dattawan fada, in dattijo ya mutu sai a koma ga abin da yaronsa ya iya riƙewa. Saƙon sarki kuma a bakin manzo yake tafiya, manzo kuwa yakan manta, yakan ƙara, yakan rage. Sarkin da bafadensa ya ci amanarsa yana saurayi ya fi kowa sanin haɗarin dogaro da bakin mutum. Ga shi ya ga wasu baƙi suna ɗaure magana a takarda ta yi tafiyar wata guda ba ta sauya ba.

Labarin da fadar ke bayarwa shi ne a wajen shekarar 1896 ya yi mafarki, wani mutum ya zo masa ya umarce shi ya ɗauki allo ya zana hannun mutum, ya wanke zanen ya sha. Da gari ya waye ya aikata hakan, sannan ya tara fadawansa ya ce kowa ya je ya zano abubuwa iri-iri ya kawo masa tare da sunayensu. Bahaushe in ya ji wannan mafarki ba sai an yi masa bayanin inda allo da wankin suka fito ba. Abin lura shi ne bai ɗauki haruffan Larabci ya lanƙwasa su zuwa harshensa ba kamar yadda malamanmu suka yi da ajami. Dabarar rubutun ya ara, haruffan kuwa ya ce sai nasa.

Rubutun farko sun kira shi lewa, wato littafi, kuma alamominsa sun kai kusan 500, kowace hoton wani abu ce ko wani aiki: ga na rana, ga na wata, ga na dabbobi da kayan gida da sassan jiki, ga kuma alamomi goma na ƙidaya. Ana iya jera su daga sama zuwa ƙasa, ko daga ƙasa zuwa sama, ko daga hagu zuwa dama. Hanya ɗaya ce kawai aka kauce wa, wato daga dama zuwa hagu, domin ita ce hanyar rubutun malaman Hausawa, shi kuwa sarki ba ya son a ce kwaikwayo ya yi. Mai karatu ya auna wahalar da ke cikin wannan tsari. Mutum zai haddace hotuna 500, kowanne sai an zana shi a tsanake, kuma duk da haka akwai maganganun da ba su da hoto. Yaya za ka zana “amma”, ko “da”, ko sunan baƙon da ya zo daga Duwala?

A nan ne kaifin basirar Njoya da mutanensa ya fito. Harshen Bamun yana da kalmomi masu gaɓa ɗaya da yawa, kuma sau da yawa sauti ɗaya yana ɗauke da ma'ana biyu ko uku, karin murya ne ke raba su. Bari mu kwatanta da Hausa don a gane. A ce ka zana kan mutum, ka ce wannan shi ne “kai”. Gobe kana son rubuta “kai ne”, ko “kai kaya kasuwa”, sai ka ga ba ka bukatar sabon hoto, wancan kan da ka zana ya isa, tunda kunne abu ɗaya yake ji. Daga ranar da ka yi haka, alamar ta daina zama hoton kai, ta zama alamar sauti. In kuwa alama sauti take nunawa, to duk wasu hotuna uku ko huɗu masu sauti ɗaya an zubar da su an bar guda. Haka suka yi ta tankaɗe da rairaya. Daga kusan 500 aka sauko ƙasa da 450 a wajen 1900, aka sauko ƙasa da 400, aka zo ƙasa da 300 a wajen 1907, sannan kusan 200, har a shekarar 1910 aka tsaya a kan 80. Wannan tsari na 1910 shi ake kira a-ka-u-ku, daga sunayen haruffa huɗu na farko, kamar yadda almajiri ke cewa abajada. Tafiyar da ta ɗauki wasu al'ummu ɗaruruwan shekaru, daga hoto zuwa sauti, fadar Fumban ta yi ta cikin shekaru goma sha huɗu.

Da yake haruffa 80 ba su ɗauke dukkan gaɓoɓin harshen ba, sai aka ƙara alamomi biyu da ake ɗorawa a saman harafi. Ɗaya kamar 'yar hula take, tana sauya yadda ake furta gaɓar. Ɗayar kuma ɗan layi ne a kwance, aikinsa kashe wasali ya bar baƙi tsura, wato dai aikin da ɗauri yake yi a ajami. Hanyar rubutu ma ta tsaya wuri ɗaya, daga hagu zuwa dama. Siffar haruffan kuma ta yi ta sauƙaƙa, domin hoton da ake zanawa a tsanake a kan allo ba zai yi wa magatakarda mai alƙalami da tawada ba, wanda alƙali ke magana yana bin sa da rubutu. Gyara na ƙarshe da aka yi a wajen 1918, wanda suka kira mfemfe, wato sabo, na sassauta siffar haruffan ne don hannu ya yi gudu. In ka ajiye takardar farko kusa da ta ƙarshe, da ƙyar ka gane cewa wannan ƙugiya da wancan lanƙwasa jikokin hoton tsuntsu ne ko na ƙwarya.

Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da Turawa ke shigowa. Jamusawa sun iso Fumban a shekarar 1902. Njoya ya riga ya ji abin da bindigarsu ta yi wa waɗanda suka tare su da yaƙi, don haka ya tarbe su da lumana, suka bar shi a kan gadonsa. A 1906 ya bi rundunarsu zuwa yaƙin Nso, kuma ta wannan hanya aka dawo masa da ƙoƙon kan mahaifinsa. A 1908 ya tafi Buea, hedkwatar gwamna, ya miƙa karagar mulki mai ado da duwatsu da wuri, wadda ake kira Mandu Yenu, a matsayin kyauta ga Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu. Har yau ana muhawara a kan ko kyautar ta son rai ce ko ta wanda ba shi da zaɓi. Hotunan da aka ɗauke shi a waɗannan shekaru suna nuna mutumin da ke lissafi da kowane ɓangare: yau yana cikin kaki irin na sojan Jamus wanda telolin fada suka ɗinka, gobe yana cikin babbar riga da rawani kamar wani lamido.

Abin da Jamusawa suka kawo wanda ya shafi rubutunsa abu biyu ne. Na farko takarda, wadda ta yawaita bayan zuwansu. Na biyu littafin da inji ya buga. 'Yan mishan na Basel sun zauna a Fumban daga 1906, shugabansu Martin Göhring ya zama abokin hirar sarki, kuma shi ne ya fara ba mutanen Turai labarin wannan rubutu a 1907. A makarantar mishan Njoya ya ga yara da yawa kowa riƙe da littafi, kuma kowane littafi daidai yake da ɗan uwansa, shafi da shafi, ɗigo da ɗigo. Malamin zaure ba ya iya wannan, komai kyan hannunsa.

Ya buɗe makaranta a cikin fada, shi da kansa yana koyarwa, ya fara da 'ya'yan sarauta da bayin fada, daga baya aka buɗe wasu a sassan ƙasar, ɗaruruwan mutane suka iya. Daga nan yadda ake gudanar da mulki ya sauya. Aka fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa, aka fara rubuta hukuncin shari'a da cinikin gona, sarki yana aika wa hakimansa wasiƙa suna mayar da amsa. Wanda ya zo da ƙarar gona yana cewa kakansa ne ya gaya masa iyaka, yanzu ana iya buɗe takarda a gabansa. Ba kowane dattijo ne ya ji daɗin wannan ba, domin da can darajarsa a fada ita ce abin da ya riƙe a ka, yanzu ga wani yaro ɗan shekara goma sha biyar yana karanto shi daga takarda.

Sannan aka shiga rubuta littattafai. Mafi girma shi ne na tarihi da al'adun Bamun, mai shafi fiye da 500, wanda sarki ya tara dattawa suka yi ta bayarwa magatakarda suna rubutawa. Wani fasto Bafaranshe, Henri Martin, ya fitar da fassararsa da Faransanci a 1952. Akwai littafin magunguna, inda aka tara abin da masu magani suka sani na itatuwa da saiwoyi. A 1912 sarki ya fita da ayarin mutanensa suka zagaya ƙasar suna rubuta sunayen ƙauyuka da rafuka da tuddai da nisan tafiya, aka sake wani zagayen a 1920, daga nan aka zana taswirar ƙasar Bamun da sunaye cikin haruffansu. Babban mai zanen fada, wanda shi ma sunansa Ibrahim Njoya, yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Sarkin har wani harshen sirri ya ƙaga don fada, mai suna shumom, inda ya cusa kalmomin da ya tsinta daga harsunan Turawa ya ba su wata ma'ana dabam. Wannan suna shumom shi ne mutane da yawa suke kiran rubutun da shi a yau.

A fannin addini ya yi ta kai da komo. Zamanin Jamus ya karkata ga 'yan mishan, amma sun ce ba su yi masa baftisma sai ya rabu da matansa, waɗanda ɗaruruwa ne. Bayan tafiyarsu ya rubuta wani littafin addini na kansa, inda ya gauraya abin da ya ji daga malamai da abin da ya ji daga mishan da al'adun gargajiya. Wannan bai yi ƙarko ba, bai kuma kamata ya yi ba. Ya komo ga Musulunci, ya ɗauki laƙabin Sultan, kuma a kan haka zuriyarsa take har yanzu.

Yanzu mu zo ga inji. Littafi mai shafi 500, in magatakarda ɗaya zai kwafe shi da hannu, aikin watanni ne, kuma in ya gama kwafi ɗaya ne tak ya samu, da kurakuransa a ciki. Makarantun sarki kuwa suna ƙaruwa, kowace tana son abin karantawa. Njoya ya gane cewa rubutun da ya dogara da hannun magatakarda ba zai yi gasa da wanda ake bugowa daga Turai cikin akwatuna ba. Don haka a wajen 1913 ya ɗora wa maƙeran fada aikin yin injin ɗab'i da haruffansa. Ba abin dariya ba ne a ce ya sa rai za su iya. Maƙeran Fumban sun shahara da zubin tagulla, su ne ke yin lofe da ƙararrawa da mutum-mutumi, kuma a fadar ne aka ƙera masa injin niƙan masara na hannu.

Hanyar da suka sani ita ce ta kakin zuma. A sassaƙa siffar abu da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun. Wannan hanya tana fitar da abu mai kyau, sai dai kowane zubi abu ɗaya yake bayarwa, tunda an fasa mazubin. Harafin ɗab'i kuwa yana da sharuɗɗa masu tsanani. Dole a sassaƙa shi a juye kamar yadda ake ganin abu a madubi. Dole tsayinsa ya zo daidai da na sauran, in ɗaya ya ɗara kaɗan zai huda takarda, na kusa da shi kuma ba zai taɓa ta ba. Kuma harafi ɗaya na iya fitowa sau talatin a shafi guda, wato kowane ɗaya daga cikin 80 ɗin nan ana bukatarsa da yawa. Abin da Gutenberg ya warware a Jamus a wajen 1450 ke nan, da ya yi mazubin ƙarfe wanda ake zuba harafi ɗaya sau ɗari a cikinsa ba a fasa ba. Maƙeran Fumban ba wanda ya nuna musu wannan, da kaki da yumɓu suka tunkari aikin. A nan ne kuma amfanin tankaɗen da aka yi a baya ya fito, domin da alamomi 500 ne har yanzu, ko fara aikin ba za a yi ba.

Shekara bakwai aka ɗauka. Kafin a gama, duniyar da aka fara aikin a cikinta ta rushe. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya iso Kamaru, sojan Ingila suka shiga Fumban a ƙarshen 1915, a 1916 aka miƙa yankin ga Faransa. A wajen 1920 haruffan tagulla sun samu, amma ba a buga littafi ko ɗaya da su ba. Ruwayar da masana da dama suka kawo ita ce sarki da kansa ya sa aka narkar da su cikin ɓacin rai, a lokacin da rikicinsa da jami'an Faransa ya yi tsanani. Wata ruwayar kuma tana ɗora lalata injin a kan Faransawan kai tsaye. Ko ta wace hanya aka bi, sakamakon ɗaya ne, rubutun Bamun ya ci gaba da zama na hannu.

Faransawa ba su ɗauki Njoya yadda Jamusawa suka ɗauke shi ba. Suna ganinsa abokin Jamus, kuma tsarinsu ba ya son sarki mai ƙarfi tsakanin kwamanda da talaka. Sun sami abin kamawa, domin gaskiya ne masarautar tana da bayi masu yawa da aikin tilas a gonakin sarki, kuma akwai 'yan ƙasa da suka gaji da wannan. Jagoransu shi ne Mose Yeyap, ɗan gidan sarauta ne wanda ya yi makarantar mishan ya zama tafintan Turawa. A 1924 aka raba ƙasar ga wasu hakimai da ke amsa wa kwamanda kai tsaye, aka hana kai wa sarki gaisuwar shekara, aka hana bikin Nguon inda jama'a ke taruwa a fada, aka yanka masa albashi. Makarantunsa suka rufe. Dama tun farkon shekarun 1920 doka ta ce makarantar da gwamnati za ta amince da ita sai mai koyarwa da Faransanci.

Mutane sukan ce doka ce ta kashe rubutun Njoya. A ganina doka rabin labarin ce. An taƙura wa makarantun allo a wurare da yawa ba su mutu ba, saboda a bayansu akwai Alƙur'ani da duniyar Musulmi gaba ɗaya. Rubutun Bamun ba shi da kowa a bayansa sai fada ɗaya. Uba mai ɗa ɗaya ya duba ya ga wanda ya yi lakwal yana samun takardar shaida, ya zama akawu ko malamin asibiti. Takardar haraji da haruffan Turawa take zuwa, tafiretan ofis haruffan Turawa ne a kansa, littafin coci ma da aka fassara zuwa harshen Bamun da haruffan Turawa aka buga shi, tunda su ne ke cikin akwatin maɗaba'a. Ɗan da ya koyi a-ka-u-ku kuwa, in ya fita daga fada ba abin da zai karanta sai wasiƙar abokinsa. Da a ce littattafai dubu sun riga sun bazu a gidajen mutane kafin 1924, da rufe makaranta bai isa ya tsayar da abin ba.

Sarki ya janye jiki zuwa gidan gonarsa na Mantum, yana ci gaba da rubuce-rubucensa da 'yan amintattunsa. Duk da haka hukuma ba ta sake da shi ba. A 1931 aka ɗauke shi zuwa Yawunde aka yi masa ɗaurin talala, kuma a can ya rasu ranar 30 ga watan Mayu na 1933. An mayar da gawarsa Fumban, ɗansa Seidu Njimoluh ya gaje shi, ya yi mulki har 1992.

Seidu ya ci gaba da koyar da rubutun a wani ɗan aji cikin fada, amma masu iya karanta tsofaffin takardun sai raguwa suke, musamman waɗanda aka rubuta da tsarin farko-farko, da ba kowane mai a-ka-u-ku ke gane su ba. Masana daga waje sun yi nazari, Idelette Dugast da M.D.W. Jeffreys suka fitar da littafi a kan rubutun a 1950, Bajamushe Alfred Schmitt ya fitar da nasa a 1963. Su kuwa takardun suna cikin akwatuna a fada da gidajen jikokin magatakarda, gara da danshi suna cin rabonsu, wasu kuma aka sayar wa masu yawon buɗe ido.

Wani sabon inji ne ya waiwayo su. Daga shekarar 2005 aka fara wani aiki a fadar Fumban, da tallafin babban ɗakin karatu na Birtaniya, na tattara takardun da ɗaukar hotonsu a adana a kwamfuta, kuma dubban shafuka aka ceto ta haka. A watan Oktoba na 2009 aka shigar da haruffan a-ka-u-ku cikin Unicode, wato babban kundin da ke ba kowane harafi na duniya lambarsa don kwamfuta da wayar salula su gane shi. Bayan shekara ɗaya aka ƙara tsofaffin alamomin nan fiye da 500 na matakan baya, har da waɗanda sarki da kansa ya zubar. Kamfanin Google ya fitar da zanen haruffan cikin jerinsa na Noto. Abin da maƙera suka yi shekara bakwai suna fama da shi, yau yaro mai waya yana iya sauke shi kafin shayinsa ya huce, ya buga shafi ya aika Duwala ko Paris.

Mu ma da ke rubuta Hausa mun san ɗanɗanon wannan. A gidan rediyo saƙonnin masu saurare suna shigowa ba ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, sai mai gabatarwa ya tsaya ya auna ko “kasa” aka rubuta ko “ƙasa”, ko “bari” ko “ɓari”, ba don masu rubutun ba su sani ba, sai don wayar da ke hannunsu ba ta ba su harafin da sauƙi. Ajami kuma, wanda ya girmi boko nesa ba kusa ba, ya ja baya ne tun ranar da ofis da maɗaba'a suka zaɓi ɗayan.

A Fumban masu karanta rubutun Njoya da kyau ba su da yawa har yanzu, kuma yawancin masu jin harshen in za su rubuta saƙo da haruffan boko suke yi, ko su yi da Faransanci. Bikin Nguon da aka hana ya dawo a farkon shekarun 1990, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a ƙarshen 2023. A shekarar 2023 ɗin ne Sultan Nabil Mbombo Njoya, wanda ya hau gado a 2021, ya ziyarci gidan tarihi na Berlin, ya tarar da karagar Mandu Yenu ya zauna a kanta a gaban ma'aikatan wurin. A watan Afrilu na 2024 aka buɗe sabon gidan tarihin sarakunan Bamun kusa da tsohon benen, an gina shi da siffar maciji mai kai biyu da gizo-gizo a samansa, tambarin masarautar. A cikin kayan da aka ajiye akwai injin niƙan masara da kuma littattafan sarki, dukkansu rubutun hannu.